Yadda Za A Yi Wa Kujera Da Benci Sutura

'Yan'uwa manoma, in kaka ta yi, kuɗin masara da auduga sun shigo hannu, mutane da yawa sukan nufi Funtua ko Malumfashi su yi cinikin kujerun kushin. Wani har da bashi yake ɗaukowa. Kafin damina biyu soson ya lotse, sai ka zauna ka ji katako. Ga shi kuwa a yawancin gidajenmu akwai benci da kujera 'yar tsuguno da kafintan ƙauye ya yi, masu ƙarfi, ba abin da suka rasa sai taushi da kyan gani. Wannan kuwa muna iya yi da hannunmu a lokacin rani.

A fara da duba katakon. In an ƙwanƙwasa aka ji holoƙo, ko aka ga gari yana zuba, gara ko ƙwaro sun riga sun shiga, kada a ɓata yadi a kansa. In ƙafa tana rawa, a kai wa kafinta ya ɗaure ta tukuna. Sa'an nan a goge kaifin gefe da takardar yashi, don kaifin nan shi ne ke yanke yadi daga ciki. A zuba tafasasshen ruwa a mahaɗin katako saboda kuɗin cizo, a shanya kwana biyu ya bushe sarai.

Maganar abin da za a cusa ita ce babba. Ƙasarmu ƙasar auduga ce. Tun zamanin Turawa ake gurzar ta da inji a Funtua, a nan kuma aka kafa masaƙa a 1978, kuma ko da yake nomanta ya ja baya, har yanzu ba a rasa ta a gonakinmu. Audugar da ta yi datti, wadda mai saye zai karya wa daraja, ta isa wannan aiki. Amma sai an gurje ta, an cire angurya duka, gama ɓera yakan huda yadi don neman ta. Bayan gurza a shiɓe ta da baka yadda iyayenmu mata ke yi kafin kaɗi. Aibin auduga ɗaya ne: tana shan ruwa, tana dunƙulewa, don haka duk shekara sai an fito da ita an sake shiɓa.

Mu dai a ganinmu audugar rimi ta fi. Ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa da sauri, in an tashi kuma tana komowa. Ana tsintar ta da rani sa'ad da 'ya'yan rimi suka fashe, ita ma a cire mata ƙwaya. Sai dai a yi hankali, tana kama wuta nan da nan. Kada a yi aikinta kusa da murhu ko fitila, kuma a ɗaura ƙyalle a hanci saboda tana tashi cikin iska. Wanda ya fi son soso ya sayi mai tauri, ya matsa da yatsa a gaban mai shago. In bai komo da sauri ba, a bar masa abinsa.

Sutura biyu ake yi. Ta ciki da akoko ko tsohon zane mai ƙwari, ita ce ke riƙe audugar. Ana shimfiɗa auduga kauri kamar inci 3, domin za ta kwanta ta koma 2, a rufe da akoko, a ja shi ƙarƙashin katako a buga ƙananan ƙusa. Kada a fara daga kusurwa. A buga ɗaya a tsakiyar gefen nan, a ja, a buga ɗaya a tsakiyar gefen da ke fuskantarsa, haka ɗaya ɓangaren, sa'an nan a bi zuwa kusurwa a naɗe ta kamar yadda ake naɗe ƙunshi. A ninka bakin yadi kafin ƙusa ta shiga, in ba haka ba zai zare. Wasu sukan sa buhun taki a ciki. In an wanke shi da kyau ba laifi, amma buhun da ya ɗauki iri mai magani kada ya shigo ɗaki sam.

Ta waje ita ce ta ado, kuma shawararmu kada a buga mata ƙusa. A ɗinka mata baki a zura igiya kamar mazagin wando, a ɗaure a ƙarƙashi. Gidan da ke da yara ya san dalili. In ta yi dauɗa a kwance a wanke, in kuɗin cizo ya ɓuya a gan shi, in ta tsufa a sake wata ba tare da kiran kafinta ba. Mazaunin da ke da inci 15 kowane gefe yana son yadi inci 22 kowane gefe. Faɗin atamfa ya kai inci 45, saboda haka yadi ɗaya da kwata zai rufe kujera huɗu. Atamfa mai duhu ta fi jure ƙurar hunturu, amma wajen ƙarko ba kamar gwado ko saƙi na masaƙanmu. Ƙyallayen da teloli ke zubarwa ma, in an harhaɗa su, suna fitowa da kyau.

Ƙungiya za ta fi samun sauƙi in ta sayi turmin akoko da ƙusa a haɗe, a raba. Zumuntar mata da ke da keken ɗinki ɗaya tana iya koyo a kan bencin tsofaffi na majami'a, inda ake daɗewa a zaune. A benci mai tsawo a yi ɗinki a ratsa katifar duk bayan kamu ɗaya, don kada auduga ta gudu gefe guda. In hannu ya faɗa sai a karɓi aikin maƙwabta, a lissafa kuɗin yadi da ƙusa da wunin da aka yi kafin a yanka farashi.