Baƙi Sun Sauka a Greensboro, Ina Za a Kai Su?

Shirinmu na musamman a yau daga birnin Greensboro yake zuwa muku, a jihar Carolina ta Arewa da ke ƙasar Amurka. Batun kuwa duk wanda ya taɓa zama a ƙasar waje ya san shi. Abokin makaranta daga Kano, ko ɗan'uwa daga Maraɗi, ya samu biza, ya zo taro a Washington ko New York, sai ya bugo waya ya ce, "Mutumina, ba zan koma gida ba sai na ga inda kake zaune." Ka yi murna, ka share ɗaki, ka yi cefane. To bayan gaisuwa da cin abinci, ina za ka kai shi?

Bari mu yi sauri mu faɗi abin da ya kamata a sani. Greensboro shi ne birni na uku a girma a jihar, mutanensa kusan 300,000 a ƙidayar 2020. An kafa shi a 1808, aka sa masa sunan Janar Nathanael Greene, wanda ya gwabza da sojojin Ingila a Guilford Courthouse ranar 15 ga Maris 1781. Filin dagar yana nan, an kewaye shi, mutane na zuwa yawon shan iska. Gari ne na bishiyoyi da tituna masu faɗi, kuma in ba ka da mota kana tare da wahala. Baƙon da ya taso da hoton dogayen benaye a zuciyarsa, da ka ɗauko shi daga filin jirgin sama na Piedmont Triad, yakan leƙa ta taga ya yi shiru, can ya ce, "Wai mun shigo garin ne, ko da saura?"

Abin da ke fara kwantar masa da hankali shi ne jama'a. Tun shekarun 1990 'yan Nijar, Zabarmawa da Hausawa, suka riƙa taruwa a Greensboro, wasu kai tsaye daga gida, wasu bayan sun ɗanɗani tsadar New York. Aikin masana'antu da sauƙin kuɗin haya ne suka jawo su. Yau in ka kai baƙo masallacin Juma'a, zai ji Hausa, ya ji Zabarmanci, ya ji Larabcin 'yan Sudan, kafin a watse an gayyace shi gida uku. Daga nan sai ziyarar gidan wane da gidan wance, sai shagon kayan abincin Afirka, sai manyan kantuna don sayen tsaraba. Da yawa daga cikinmu a nan yawon yake ƙarewa. Ban ga laifin kowa ba. Mai aikin da ake biya da awa, in ya ɗauki hutun yini guda saboda baƙo, daga aljihunsa ya cire, kuma yana yi da zuciya ɗaya, domin baƙonka Annabinka. Amma ni a ganina, baƙon da ya zo Greensboro ya koma bai taka titin Elm ba, an rage masa hakkinsa.

A kan titin South Elm, a tsakiyar gari, akwai tsohon kantin Woolworth. A cikinsa akwai dogon teburin cin abinci da kujeru a jere. A da, baƙar fata yana iya shiga kantin ya sayi duk abin da yake so, a karɓi kuɗinsa, amma ba shi da izinin zama a kan waɗannan kujeru. Ranar Litinin 1 ga Fabrairu 1960, da la'asar, ɗalibai huɗu 'yan shekarar farko daga kwalejin A&T ta baƙaƙen fata suka shiga: Ezell Blair ƙarami, da Franklin McCain, da Joseph McNeil, da David Richmond. Dukkansu ba wanda ya kai shekara 20. Ku ji dabarar da ta fi burge ni. Sai da suka fara sayen 'yan ƙananan kaya, irin su man goge baki, suka karɓi rasit suka riƙe. Sannan suka wuce teburin suka zauna, suka nemi a ba su kofi. Da aka ce ba a sayar wa baƙaƙe a nan, ga rasit a hannu: yanzun nan kuka karɓi kuɗinmu a can, me ya sa kuɗin ya lalace a nan?

Ba su yi zagi ba, ba su ɗaga murya ba. Zama kawai suka yi. Ɗan sanda ya shigo yana kai da kawo a bayansu yana buga kulki a tafin hannunsa, ya rasa laifin da zai kama su da shi. McCain ya sha ba da labarin wata tsohuwa farar fata da ta tashi ta nufo su. Ya ɗauka zagi za ta yi, ko abin da ya fi zagi. Sai ta dafa kafaɗunsu ta gaya musu tana alfahari da su, abin da kawai ya dame ta shi ne ba a yi haka tun shekaru da suka wuce ba. Ya ce daga ranar bai ƙara yanke wa mutum hukunci kafin ya ji ta bakinsa ba.

Suka zauna har aka rufe kanti. Washegari suka dawo da mutum fiye da 20. Kafin mako ya fita ɗaruruwa ne, har da ɗalibai mata na kwalejin Bennett, waɗanda suka daɗe suna shirya irin wannan mataki, ko da yake ba a cika ambaton su ba. Cikin wata biyu zaman ya bazu zuwa garuruwa fiye da 50. Ciniki ya faɗi, kantin ya yi asarar kusan dala 200,000. Ranar 25 ga Yuli 1960 kantin ya ba da kai. Kuma waɗanda aka fara zubawa abinci a teburin su ne baƙaƙen ma'aikatan kantin, cikinsu da Geneva Tisdale: aka ce su cire kayan aiki, su sa na gida, su zauna a kujerun da suka yi shekaru suna gogewa.

Masu sauraro, ku riƙe wannan rana, 25 ga Yuli 1960. Kwana 9 bayanta Nijar ta samu 'yancin kai, ranar 3 ga Agusta. Najeriya ta biyo baya ranar 1 ga Oktoba. Shekara ɗaya ce. A nan ne baƙi sukan yi tsit, domin sun gane lokacin da iyayenmu ke murnar sabuwar tuta, 'yan'uwanmu a nan kujerar shan kofi suke nema. Sannan in ka gaya wa baƙo cewa Ezell Blair ya musulunta, tun 1968 sunansa Jibreel Khazan, sai ka ga ya sake matsowa kusa da hotonsa yana dubawa.

An rufe kantin a 1993, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihin fafutukar 'yancin ɗan'adam ranar 1 ga Fabrairu 2010. Wani yanki na teburin yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington, akasarinsa kuwa yana nan inda yake. A harabar jami'ar A&T, wadda yau ta fi kowace jami'ar baƙaƙen fata yawan ɗalibai a Amurka, akwai mutum-mutumin samarin huɗu suna tafe kafaɗa da kafaɗa. Mu da muka zo daga baya, muke shiga duk gidan abincin da muka ga dama da hularmu da mayafinmu, aka yi mana maraba, a inuwar waɗannan yara muke zaune. Wanda ya san wannan ya iya nuna wa baƙo garin. Wanda bai sani ba, ko shekara 20 ya yi a nan, shi ma baƙo ne.

Tunda an zo batun abinci, ga gargaɗi. Gasasshen naman da jihar nan ta yi suna da shi na alade ne, kuma ana saka shi ko kitsensa a cikin ganye da wake ma. Mai masauki ya tambaya kafin baƙo ya kai loma.

Lokaci na ƙure mana. In baƙonka ɗan kasuwa ne, kai shi ya ga ginin masaƙar White Oak, wadda ta fara aiki a 1905 tana saƙa yadin jins mai ruwan shuni, ta daɗe tana ba kamfanin Levi's, har aka rufe ta a ƙarshen 2017. Bakano zai tuna da marinar Ƙofar Mata, Bakadune kuma da masaƙun Kakuri. Man shafawa na Vicks, a garin nan wani mai shagon magani, Lunsford Richardson, ya haɗa shi. In kuma da sauran yini guda, a tuƙa zuwa Fayetteville, inda aka tsare wani malami Bafulatani na Futa Toro, Umar ibn Sa'id, a 1810, ya riƙa rubuta Larabci a bangon kurkuku. Wannan labari ne na wani shirin.

'Yan'uwa mazauna Greensboro, in baƙo ya sauka, ku ware masa safiya ɗaya ta titin Elm kafin a shiga kantuna, ku bincika lokacin buɗewa tun da wuri, kuma ku tafi da yaran gida.