Baƙo a cikin ajinmu

Yara, kun san yadda yininmu yake tafiya a makaranta. Da safe muna share aji, mu cika randa da ruwa. Idan an buga ƙararrawa sai mu yi layi, a ɗaga tuta, mu shiga aji. Malam ya kira suna, ya rubuta kwanan wata a babban allo. Daga nan sai hira, sai karatu da rubutu, sai lissafi. Da Hausa muke fara koyon komi, domin yaro ya fi gane abu cikin harshen da ya tashi da shi. Faransanci yana biyowa sannu sannu, da baki tukuna, sannan da rubutu. Da marece mu yi aikin hannu, ko mu yi ban ruwa a lambun makaranta.

Amma malam ɗaya bai san komi ba. Akwai sani mai yawa cikin gari wanda ba ya cikin littafi. Shi ya sa wani lokaci malam yake gayyato baƙo. Maƙeri yakan zo da masaba da awartaki, ya nuna mana yadda ake ƙera hauya. Malamin gona yakan gaya mana amfanin gawo: yana zubar da ganye da damina, ya ƙara wa ƙasa taki, shi ya sa gero yake kyau ƙarƙashinsa. Dattijo kuwa yakan ba mu tarihin garinmu.

Zuwan baƙo ba hutu ba ne, darasi ne. Aikinsa kashi 3 ne.

Kafin ya zo, mu shirya tambayoyi, kowa ya rubuta tasa a allonsa. Idan ya shigo, mu miƙe tsaye mu gaishe shi: "Sannu da zuwa, Baba," ko "Sannu da zuwa, Inna." Mu ba shi wurin zama da ruwan sha. Mu saurara da kyau. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Bayan ya tafi, mu maimaita abin da ya faɗa, mu rubuta shi cikin kaye, mu yi zane da lissafi a kansa.

Ga misali. Ma'aikaciyar gidan likita ta zo ta yi magana kan zawo. Zawo yana tsotse ruwan jikin yaro, har yana iya kashe shi cikin ƴan kwanaki. Abin da ke ceton yaron shi ne a mayar masa da ruwan da ya rasa. A gidan likita akwai ƙunshin garin magani da ake narkawa cikin ruwa. Idan babu shi kusa, ga yadda ake haɗawa a gida:

ruwa mai tsabta, lita 1;
sukari, cokalin shayi 6, a shafe;
gishiri, rabin cokalin shayi, a shafe.

A wanke hannu da sabulu kafin a haɗa. Kada a ƙara gishiri, domin yawansa yana cutarwa. A riƙa ba yaro kaɗan kaɗan, uwa kuma ta ci gaba da ba shi nono. Abin da ya kwana ya yini, a zubar a sake sabo. Idan yaro ya kasa sha, ko an ga jini cikin zawon, a kai shi gidan likita nan da nan.

Kun gani, awa ɗaya ta baƙo ta ba mu karatu da rubutu da lissafi. Kuma wanda ya rubuta ma'aunin daidai ya kai gida, wata rana zai iya ceton ƙanensa. Wanda ya yi surutu kuwa sai ya rikita sukari da gishiri.

Tambayoyi
1. Mi muke yi kafin baƙo ya zo?
2. Cokali nawa na sukari ake sa wa lita 2?
3. Don mi gero yake kyau ƙarƙashin gawo?

Aiki
Ka tambayi iyayenka sunan wata sana'a ta garinku. Ka rubuta tambayoyi 3 da za ka yi wa mai wannan sana'a idan ya zo ajinmu.