Ko Kun Sani?

Idan jijiyar jini ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, musibar da galibi hawan jini ke haddasawa, jinin da ya zuba yakan ci gaba da taruwa cikin sa'o'in farko yana danne naman ƙwaƙwalwa, saboda haka likitoci suka daɗe suna muhawara a kan hikimar sauke hawan jinin da gaggawa.

A shekarar 2013 binciken INTERACT2, wanda ya ƙunshi majinyata fiye da 2,800, ya nuna cewa saukar da lambar sama ta awon jini ƙasa da 140 cikin sa'a guda bai ƙara haɗari ba, har ya ɗan sauƙaƙa nakasa. Amma a 2016 binciken ATACH-2, mai majinyata 1,000, ya tabbatar da cewa wuce haddi wajen saukarwa bai ƙara fa'ida ba, illa ya yawaita lahani ga ƙoda. Daga bisani, a 2023, binciken INTERACT3, wanda aka gudanar a ƙasashe 10 har da Nijeriya, ya bayyana cewa idan aka haɗa sauke hawan jini da daidaita sukari, da kashe zazzaɓi, da warware tasirin maganin tsinka jini, majinyata sun fi samun sauƙi, mace-mace kuma sun ragu.

Don haka, wanda bakinsa ya karkace, ko ɓarin jikinsa ya mutu farat ɗaya, wajibi ne a garzaya da shi asibiti nan take.