Musayar Tsohuwar Mota Da Sabuwa: A Yi Lissafi Kafin A Sa Hannu

Tun zamanin kakanninmu mutanen ƙasar Daura sun san cinikin musaya da ciko. Mutum ya kan kai tsohon dokinsa ko sansa na noma kasuwa, dillali ya duba haƙora da ƙafafu, a yi wa dabbar kuɗi, sa'an nan mai ita ya cika abin da ya rage, ya koma gida da wadda ta fi ta ƙarfi. To, wannan ciniki bai mutu ba, ya sake kama ne kawai. Yau akawun ƙaramar hukuma ko malamin makaranta a Baure ya kan kai tsohuwar motarsa wurin masu sayar da motoci a Daura, ko Katsina, ko Kano, a karɓe ta a matsayin kafin alƙalami, a ba shi wata, ragowar kuɗin kuwa ya riƙa biya wata wata daga albashinsa. Bambancin shi ne, a da ana cika kuɗin nan take a rabu lafiya, yanzu kuwa cikon bashi ne, mai bin mutum shekara biyu ko uku. Saboda haka ya kamata mu bi wannan al'amari daki daki.

Abin Da Ya Kawo Wannan Ciniki

A zamanin En'e, manyan ma'aikata su kan sami rancen mota daga hukuma, a riƙa yanka a albashinsu kaɗan kaɗan. Da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna cikin 1975, ma'aikaci mai matsakaicin muƙami ya kan iya sa ran hawan sabuwar mota fil. Wannan zamani ya wuce. Daga baya mutane suka koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda a ke saukewa a Kwatano, a biyo da su ta ƙasar Nijar. Mutanen Baure sun san wannan hanya sarai, domin ƙasarsu tana bakin iyaka, ga Babban Mutum nan a kan hanyar Magariya.

Daga ran 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Cikin Agusta 2019 aka rufe iyakokin, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Cikin 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, aka sakar wa naira mara, darajarta ta faɗi ƙwarai, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Ma'aikacin da a da zai iya tara kuɗin mota ta hanyar adashi da ɗan abin da ya samu a gona, yanzu sai ya ga babu wata babbar dukiya a hannunsa da za ta isa kafin alƙalami sai tsohuwar motar nan da ke ƙofar gida.

Ciniki Biyu Ne A Cikin Ɗaya

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a wannan sha'ani yana sayarwa, yana kuma saye, a lokaci guda, ga mutum guda. Dillalin ya fi shi sanin kasuwar abubuwan biyu. Bari mu buga misali, ko da ya ke kuɗin da za mu ambata na misali ne kawai.

A ce motar da malam ya ke so an yi mata kuɗi naira 4,000,000. Dillali ya duba tsohuwar, ya ce ya saye ta naira 1,600,000. Ciko ya zama naira 2,400,000 ke nan. In da malam ya yi haƙuri ya sayar da ita da kansa, watakila ya sami naira 1,900,000. Watau ya bar naira 300,000 a hannun dillali, ladan saurin da ya yi. Wannan ba zamba ba ce, domin shi ma dillali zai gyara motar, ya ajiye ta, ya nemi riba. Amma dai ya kyautu mutum ya san abin da ya bari.

Akwai kuma wata dabara. Wani dillalin zai ce ya sayi tsohuwar naira 2,000,000, malam ya yi ta murna ya sami mai daraja kayansa, alhali kuwa an riga an mai da kuɗin sabuwar naira 4,400,000. Ciko yana nan naira 2,400,000, ko kwabo bai ragu ba. Maganin wannan shi ne a fara gama cinikin sabuwar tukuna, kamar za a biya lakadan, a tsai da magana, sa'an nan a kawo zancen tsohuwar. Kafin a je kuma a nuna ta ga bakanike amintacce da dillalai biyu ko uku, a ji abin da kowa zai taya.

Lissafin Ciko

Yanzu sai mu duba cikon nan na naira 2,400,000. A ce mai ba da bashin ya ɗora kashi 25 cikin ɗari kowace shekara, har shekara biyu, bisa dukan kuɗin. Abin da ya hau ya zama naira 1,200,000, jimla naira 3,600,000, watau naira 150,000 kowane wata har wata 24. In aka haɗa da kuɗin tsohuwar mota, motar naira 4,000,000 ta tsaya wa malam a kan naira 5,200,000.

A nan akwai wurin lura. Bashin yana raguwa kowane wata, amma ƙarin an lissafta shi kamar kuɗin duka suna hannun malam har ranar ƙarshe. In aka yi lissafin bisa abin da ya rage a kansa wata wata, wannan kashi 25 ya haura kashi 40 a shekara. Don haka kada a tsaya ga jin kashi kaza. A tambayi jimlar abin da za a biya daga farko har ƙarshe, a sa a rubuta. Bashi kuwa ya yi tsada a ƙasar nan, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, bankuna kuma a kan wannan su ke ɗora nasu.

Ban da wannan, masu ba da bashi su kan tilasta a yi wa motar cikakkiyar inshora. Tun 2023 hukumar inshora ta ƙasa ta ƙayyade kada kuɗin irin wannan ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota, watau naira 200,000 a shekara a misalinmu. Bankuna kuma galibi ba su son abin da za a yanka ya wuce sulusin albashi. Mai biyan naira 150,000 a wata ana bukatar albashinsa ya kai wajen naira 450,000, alhali mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar cikin 2024 naira 70,000 ne. Kowa ya dubi takardar albashinsa, ya faɗa wa kansa gaskiya.

Masu gudun riba suna da wata ƙofa. Bankin Jaiz ya fara aiki cikin 2012, TAJBank ya biyo baya cikin 2019, Lotus cikin 2021. A tsarin Murabaha banki ne ke sayen motar, ya sayar wa mutum da ribar ciniki sananniya, wadda ba ta ƙaruwa bayan an ƙulla. Ko a nan ma lissafin jimla wajibi ne, domin halaccin ciniki bai sa ya zama mai araha ba. Malamai kuma sun sharɗanta a san kuɗin kaya da ajalin biya tun farko, saboda haka a bayyana kuɗin tsohuwar dabam, na sabuwar dabam.

Abin Da Doka Ta Tanada

In cinikin na haya ne mai ƙarewa da mallaka, motar ba ta malam ba ce sai ya biya kuɗin ƙarshe. Akwai dokar tarayya ta 1965 a kan irin wannan ciniki, wadda ta fara aiki cikin 1968. Ta ce lalle a sanar da mai saye kuɗin motar na lakadan a rubuce, a yi takardar yarjejeniya ya sa hannu, a ba shi tasa cikin kwana 14. Ta kuma ce in mutum ya biya kashi uku cikin biyar na jimlar kuɗin mota, mai ita ba shi da ikon ƙwace ta sai ta hanyar kotu. In ya ƙwace da ƙarfi, yarjejeniya ta warware, mai saye kuma yana iya neman a mayar masa da abin da ya biya. Sai dai in bashin wata uku ya taru, an yarda mai motar ya ɗauke ta ya adana kafin kotu ta yanke hukunci.

Ga inda tsohuwar mota ta ke da muhimmanci. In takarda ta nuna jimla naira 5,200,000, da tsohuwar a ciki a matsayin naira 1,600,000 da aka riga aka biya, kashi uku cikin biyar ya zama naira 3,120,000, malam zai kai wannan matsayi da biya na 11. In kuwa aka karɓi tsohuwar da baka, takarda ta nuna naira 3,600,000 kaɗai, ba zai kai ba sai da biya na 15. Wata huɗu ke nan yana zaune ba inuwar doka, saboda layi ɗaya da ba a rubuta ba. Wanda albashinsa ya taɓa makara ya san abin da wata huɗu ke nufi.

A sani kuma, wannan doka ta cinikin haya ce. Rancen banki da Murabaha suna bin sharuɗɗan da ke cikin takardunsu, sai a karanta su a tsanake, in da hali a nuna wa lauya. Ko ta wace hanya aka bi, in biya ya gagara, tsohuwar mota ba ta dawowa, domin an riga an sayar da ita. Mutumin da ya fita daga gida da mota tasa ta kansa, yana iya wayan gari ba tsohuwa, ba sabuwa, ga sauran bashi.

Takardu

A ƙasar bakin iyaka kamar Baure, takardar kwastan ita ce ran mota. Tsohuwar da ba a biya mata kuɗin fito ba, dillali zai karya kuɗinta. Sabuwar da ba ta da sahihiyar takarda kuwa, ana iya kama ta a hanya, bashi kuma yana nan bisa wuyan mai ita. A gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce, a tabbatar da takardar a ofishin kwastan. Tun 2017 akwai dokar jinginar da kayan da a ke iya ɗauka, da rajista a ƙarƙashin Babban Banki, inda a ke bincika ko an jinginar da mota a wani wuri. Wanda a ke bin sa bashi a kan tsohuwar tasa, ya biya shi tukuna, domin ba a sayar da abin da ke jingine.

Daga ƙarshe a yi takardar sayar da tsohuwar, da kwanan wata da shaidu, a kuma sauya sunan mai ita a ofishin lasin. In ba a yi haka ba, ranar da ta yi haɗari ko aka yi ɓarna da ita, ƙofar malam 'yan sanda za su fara ƙwanƙwasa.

Ba mu ce kada a yi musaya ba. In tsohuwar ta zama kullum tana wurin bakanike, tana shan mai kamar rairayi, ga tafiya Daura ta hanyar Zango ba ta ƙarewa, rabuwa da ita dabara ce. Amma wanda lissafinsa ya nuna cikon zai taɓa hatsin gida da kuɗin makarantar yara, gara ya gyara abin da ke hannunsa, ya jira kaka, ya ƙara tari. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Akawu da malami su ne masu koya wa jama'a lissafi da riƙon takarda, bai kamata a same su da sa hannu a abin da ba su karanta ba. Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.