Hannu Ne Na Ƙarshe: Koya Wa Yaro Bugun Ƙwallon Dawaki

A Katsina ba a rasa yaron da ya iya zama a kan doki. Wanda ke da wuyar samu shi ne yaron da aka tsaya aka koya masa yadda zai riƙe sanda ya bugi ƙwallo. Hawa ana tsintarsa a barga da wajen ƙilisa da hawan Sallah, bugu kuwa yawanci kwaikwayo ne. Yaran Ƙofar Marusa da ke bin ƙwallon goriba a lungu da sandunan da suka sassaƙa da kansu, wasu bisa dokin kara, abin da idonsu ya gani a filin folo suke maimaitawa: hannu ya tashi sama, ya zagayo, ƙwallo ta tafi. Aikin da ƙafa da ƙugu suka yi kafin hannu ya motsa ba a hango shi daga bakin fili, alhali a can bugun yake farawa.

Garin nan ya fi kowane gari cancantar kula da wannan. Turawa sun fara buga folo a Legas a 1904, amma wanda ya mayar da shi wasan 'yan ƙasa shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. A farkon shekarun 1920 ya kafa wasan a Katsina, ya sa 'ya'yansa da mutanen fada a ciki. Ɗansa Usman Nagogo, da ya gaje shi har zuwa 1981, ya kai mataki na 7 a ma'aunin gwaninta da ke farawa daga 2 ƙasa da sifili ya tuƙe a 10, kuma ko a Ajantina, matattarar gwanayen duniya, ba a raina mai 7. Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman duk sun riƙe sanda, 'yan wasan Katsina kuma sun sha ɗauko Kofin Georgian daga Kaduna. Ƙarfin damtse kaɗai bai kai kowa can ba.

A fara da kayan aikin, don su ke nuna dalili. Sandar manya tsawonta inci 50 zuwa 54 ne, gwargwadon tsayin dokin da za a hau. Jikinta wata irin gora ce mai tanƙwasuwa, kanta kuma guntun katako ne da aka gicciya, nauyinsa gram 200 ko kusa da haka. Da gefen katakon ake bugu, ba da bakinsa ba, abin da baƙon wasan kan yi mamaki. Ita ƙwallon ba ta kai gram 150 ba. Ke nan babu wani nauyi da za a yi kokawa da shi. Abin da ke aika ta nesa shi ne saurin kan sanda a daidai lokacin da suka haɗu. Lissafin kimiyya ya nuna cewa in aka ninka nauyin abu sau biyu, ƙarfin bugunsa sau biyu zai ninka, amma in saurinsa aka ninka sau biyu, ƙarfin sau huɗu zai ninka. Shi ya sa miƙa wa ɗan shekara goma sandar babansa ba gata ba ne. Zai riƙa ɗaga ta da kafaɗa, yana jan ta da dukkan jikinsa, sauri ya mutu, kuma wannan mummunar ɗabi'a ta bi shi har girma.

Riƙo shi ne darasin farko, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. A gindin sanda akwai maɗauri. Babban yatsa ake zurawa a ciki, a zagayo da shi ta bayan hannu, sannan a kama mariƙin kamar za a yi musafaha da shi, manuniya ta ɗan ware gaba. Ba a naɗa maɗaurin a wuyan hannu, domin in sandar abokin karawa ta sarƙe taka, ko taka ta shiga ƙafafun doki, dole ka iya sakinta nan take. In riƙon ya yi daidai, tafin hannu da faɗin mariƙi da gefen katako duk waje ɗaya suke kallo. Wannan ma ya isa a faɗa wa yaro: "Ɗana, inda tafinka ya duba, can ƙwallo za ta." Ya fi masa amfani da dogon bayani.

Sai kuma damƙa. Kusan kowane sabon ɗan koyo shaƙe sanda yake yi, don tsoron kada ta suɓuce. Da zarar yatsu sun ƙanƙame, jijiyoyin damtse sun ɗaure, wuyan hannu ya sandare, kan sanda kuma ba zai iya wucewa da saurinsa ba. Mai koyarwa ya duba bayan hannun yaron tun kafin bugu. In jijiyoyi sun tashi, a dakata, ya saki, ya sake kamawa. Riƙon yana ƙarfafa da kansa a daidai haɗuwa da ƙwallo, ba sai an umurce shi ba.

Ga yadda cikakken bugun dama yake tafiya. Ɗan wasa ya ɗan ɗago daga sirdi, nauyinsa a kan likkafa, gwiwoyi da cinyoyi sun matse doki. Ya murɗa ƙugu da ƙirji zuwa dama har kafaɗar hagu ta nuna ƙwallo, hannun dama ya miƙe baya da sama. Daga nan jiki ke warwarewa bi da bi: ƙugu ya fara, kafaɗa ta biyo, miƙaƙƙen hannu ya sauko kusa da jikin doki, wuyan hannu ya saki, kan sanda ya iso a ƙarshe. Duk yaron da ya taɓa korar tsuntsaye a gona da majajjawa ya san wannan a jikinsa, don ba tura dutsen ake yi ba, zagayen ne ke ba shi gudu. Bayan bugu hannu ba ya tsayawa, yana bin ƙwallo har ya nuna inda aka aika ta. Kai kuma yana ƙasa, ido a kan wurin da ƙwallo take, har sai ta bar wurin. Mafi yawan kuskure daga ɗaga kai yake zuwa, yaro na ɗokin ganin inda ta faɗa tun bai buga ba. Kai na tashi kafaɗa ta tashi, sanda ta shafi bisan ƙwallo ko ta sari iska.

Wannan tsari ba na folo kaɗai ba ne. A Amurka akwai wasan sofbol, ƙanen besbol, wanda aka ƙirƙira a Shikago a 1887, ya shiga gasar Olamfik ta mata a 1996. Da hannu biyu ake riƙe sandarsa, a tsaye a ƙasa, ƙwallo kuma jefo ta ake yi. Duk da haka, abin da masu horarwa ke nanata wa yara a can shi ne abin da ke sama: a riƙe da yatsu ba da tsakiyar tafi ba, ƙugu ya riga hannu juyawa, hannuwa su bi kusa da jiki maimakon a watsa su waje tun farko, gwiwar hannu ta miƙe wajen haɗuwa da bayanta. Dabararsu da ta fi burge ni ita ce ba sa fara jefa wa ƙaramin yaro ƙwallo. A kan wani ɗan turke na roba suke ɗora ta, ya yi ta bugun abin da ba ya motsi har jikinsa ya haddace hanya.

Folo na da nasa irin wannan, sai dai mu kan tsallake shi don gaggawar ganin yaro bisa doki. Akwai gajeriyar sanda ta ƙasa, mai tsawon inci 30 ko kusa, wadda ake bugu da ita ana tafiya da ƙafa. Ba sai an sayo daga waje ba. Sandar manya da ta karye, in aka rage ta aka sa mata kai marar nauyi, ta wadatar, kuma fegi ɗaya na rairayi ya isa filin koyo. Da ita ake fara rabin bugu: hannu a miƙe, sanda ta koma baya iya tsayin kafaɗa kawai, ta dawo da nauyinta, ba a ƙara mata komai. Yara ba sa son wannan, suna ganin wasan jarirai ne. Amma manyan 'yan wasa ma da rabin bugu suke yin yawancin aikinsu a fili, wajen jan ƙwallo da miƙa wa abokin wasa da zura ta a raga daga kusa. Wanda bai iya aika ƙwallo miƙe taku ashirin da rabin bugu ba, cikakken bugu ɓarna kawai zai ƙara masa.

Bayan sandar ƙasa sai dokin katako, wanda kowane kafinta zai iya haɗawa: gangar jiki mai tsayin doki, a ɗaura mata sirdi da likkafa. A kansa yaro ke koyon miƙewa da murɗa jiki da leƙowa gefe ba tare da fargabar faɗuwa ba, kuma in ya yi kuskure katako ya buga, ba ƙafar dabba ba. A nan ake shigo da sauran bugu uku na asali, wato mayarwa baya ta dama, da bugun gaba da na baya ta ɓangaren hagu, inda hannun dama ke tsallaka wuyan doki. Na hagun a jinkirta su, suna buƙatar ƙugu mai laushi da zama mai ƙarfi.

A kuma taƙaita yawan bugu a zama ɗaya. Ƙasusuwan yaro a gwiwar hannu da wuyan hannu ba sa gama haɗewa sai ya kusa zama saurayi sosai, kuma duk lokacin da kan sanda ya caki ƙasa, girgizar a waɗannan gaɓoɓi take sauka. In ya ce gwiwar hannunsa na zafi, ba ragwanci ba ne. Ko sandar ta yi masa nauyi, ko yana lanƙwasa hannu yana fizga. A huta, a duba sandar.

Bahago fa? Dokar wasan ta ce da dama kowa zai riƙe sanda, domin in mahaya biyu suka fuskanci juna a kan layin ƙwallo, kowa ya bar ƙwallon a damarsa su wuce lafiya. Da ɗaya na bugu da hagu, da dawakin sun yi karo gaba da gaba. Yarima William na Ingila bahago ne, da dama yake bugawa. Bahagon yaro dai yana buƙatar ƙarin lokaci a sandar ƙasa, kuma kada a yi masa tsawa a kai.

Hannun da aka fi mantawa da shi shi ne na hagu, mai riƙe da linzami. A nan ne hawan da yaranmu suka saba ke iya zame musu cikas, don wanda ya taso yana sha'awar sukuwa da zamiya ya saba da jan linzami da ƙarfi. A folo, yayin da dama ke zagayawa, hagu zai zauna shiru a gaban sirdi. Sabon ɗan koyo kan rataya nauyinsa a linzami lokacin da ya leƙa bugu, ƙarfe ya daki bakin doki. In aka maimaita haka, dokin zai koyi cewa kusantar ƙwallo na nufin ciwo, ya fara kaucewa ko tsayawa, a ce dokin ne ba shi da kyau. Don haka hawan farko da sanda a yi shi a kan tsohon doki mai haƙuri, a tafiyar ƙafa, mai koyarwa na tafe a gefen hagu yana kallon hannun linzami da kan dokin, ba inda ƙwallo ta faɗa ba. Sai ranar da yaro ke bugawa dokin bai ko ɗaga kai ba, sannan a bar shi ya ƙara sauri.