Riƙon Yara Bayan Mutuwar Aure

A garuruwanmu irin su Tsaskiya, idan aure ya mutu, al'ada takan ba uba yaro da zarar an yaye shi. To, idan dukan da ya kori uwar zai koma kan yaron fa? Dokar aure ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, ta umarci kotu ta fifita amfanin yaro a kan komai. Sarki Sulemanu ma wadda ke son jaririn ya rayu ya ba (1 Sarakuna 3).

Saboda haka kada mu yi gaggawar sulhu. Mu saurari yaron shi kaɗai, mu rubuta tabon da muka gani da kwanan wata, mu kai ofishin walwalar jama'a a Safana. Idan uwar ma abin tsoro ce, a nemi kaka ko gwaggo.