TSOFAFFIN KUƊƊIN INGILISHI: A DUBA SHEKARA KAFIN A TAYA

A ƙasar Ƙwanni da Malbaza da Illela, gidaje da yawa suna da ƴan tsofaffin kuɗɗin Ingilishi ajiye cikin kwalla ko cikin ƙullin tsumma. Ba abin mamaki ba ne. Iyaka tana kusa. Mutanen da sun daɗe suna kai bisashe Sakkwato, suna zuwa cin rani, suna komowa gida da sulalla. Najeriya ta buga nata kuɗɗi a 1959. A 1973 kuma ta koma naira, sule da sisi sunka faɗi.

Amma har yau akwai masu biɗar su. Maƙeran fari suna son masu azurfa, su narke su yi zobe da warwaro. Akwai kuma masu tara su don tarihi, a manyan birane da ƙasashen Turai. Shi ya sa wani lokaci baƙo ke shiga gari shina tambayar tsohon kuɗi. Mai gida wanda bai san abin da ke hannunshi ba, sai ya sallama azurfar tsohuwarshi a kuɗin goro. Wani kuma ya saida akuya, ya sayo tarin ƙarfe da ba ya da wata daraja.

Yara da yawa ba su san lissafin ba. Anini 10 su ne kwabo 1. Kwabo 3 taro, kwabo 6 sisi, kwabo 12 sule. Sule 2 fataka, sule 20 fam guda.

Anini da kwabo su ne masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini 6, da rubutun Larabci. An fara buga su a 1907. Babu azurfa cikinsu ko kaɗan, ko da sun yi fari fat. An buga su miliyan bisa miliyan, saboda haka tsufa kaɗai ba ya sa su tsada. Ƴan talla sun fi cika baki a kan kwabon 1936 mai sunan EDWARDVS, wato sarki Edwad na 8, wanda bai cika shekara bisa gadon sarauta ba ya sauka. Labarin gaskiya ne, kuma a Ingila kanta ba a fitar da kuɗi da sunanshi ba. Sai dai na Afirka ta Yamma suna da yawa ƙwarai. Kwabo ne mai daɗin ajiya, amma bai kai a taɓa rumbu saboda shi ba.

Wurin da ake cin riba ko a faɗi, shi ne taro da sisi da sule da fataka. A nan shekara ita ce alƙali, kuma duk wanda ya iya karanta lamba ba ya bukatar dillali ya karanta mishi. Waɗanda anka rubuta ma BRITISH WEST AFRICA, daga 1913 zuwa 1919, azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1000. Sule da fataka suna da hoton itacen kwakwar manja a baya. A 1920 anka fara sauya ƙarfe. Na bayan wannan shekara babu azurfa cikinsu, mafi yawa ma ruwan ɗorawa gare su. Su kuwa sulallan Ingila kanta, waɗanda ba su da waccan rubutu, har 1919 azurfa ce mai kyau. Daga 1920 zuwa 1946 rabi azurfa, rabi gami. Daga 1947 babu ko ɗigo, ko da suna ƙyalli kamar sabbi.

Nauyi ma shaida ne. Sule bai cika giram 6 ba, giram 5 ne da rabi da ƴan kai. Fataka ta ninka shi. Maƙerin fari shina da ɗan sikeli, a roƙe shi ya auna. Wasu suna gwadawa da maganaɗisu. In ya kama, tabbas ba azurfa ba ce. In bai kama ba, ba a gama bincike ba, don tagulla ma ba ya kama ta.

Masu wayon sayayya ba su cika tsayawa ga wanda ya ɗauko ƙwaya guda ya naɗe ta cikin ƙyalle, ya haɗa ta da dogon labari ba. Suna zuwa wajen ƴan koli, a kasuwar Ƙwanni ko Badagishiri, inda anka zuba tsofaffin kuɗɗi cikin tasa tare da duwatsun wuya da makullai. Su zauna, su duba shekarun ɗaya bayan ɗaya, sannan su taya tasar gaba ɗaya. In mai kaya ya ce albarka, ba su nuna zumuɗi. Kasuwa na ci wani mako. Sukan kuma duba ƴan ƙananan baƙaƙe, H ko KN, alamar maƙerar da ta buga kuɗin a garin Bamingam. Masu tarawa suna kula da su, don wata shekarar da wata alamar ta fi wuyar samu.

Mai saidawa shi ma sai ya ɗauki dabarar. Ya ware na kafin 1920 gefe guda, ya sa a auna, ya ji tayin mutum biyu ko uku kafin ya sallama. Kada ya yarda a haɗa mishi azurfa da kwabbai a kuɗi ɗaya.

Akwai ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Mata sukan goge tsofaffin kuɗɗi da toka ko yashi ko ruwan tsamiya don su yi haske. Mai tarawa ba ya son haka. Gugar tana cinye rubutu, kuma shi baƙin tsufan ne yake biya. A bar su yadda anka tarad da su, a wuri busasshe. Sulen da anka huda ko anka liƙa ma kunne don adon gashi, irin na matan Fulani, shi kam ya fita daga hannun mai tarawa. Nauyin azurfarshi kawai za a biya, in dai shekararshi ta azurfa ce.